Matuƙi ya ce ya gani, wa ya kamata ya bincika?

Ranar 7 ga Janairun 1948, bayan azahar, mutane a jihar Kentucky ta Amurka suka yi ta buga wa 'yan sanda waya cewa ga wani farin abu zagayayye yana tafiya a sama. Ma'aikatan hasumiyar filin jirgin soja na Godman su ma suka hango shi, suka rasa gane kansa. Ana cikin haka sai ga jiragen yaƙi huɗu za su wuce, aka roƙi jagoransu, Kyaftin Thomas Mantell, ya ɗan matsa ya duba. Shekarunsa 25, amma ba sabon shiga ba ne, da shi aka yi yaƙin duniya na biyu har ya samu lambar yabo. Jirgi ɗaya mansa ya yi ƙasa, ya wuce gida. Biyu suka raka shi har sama da ƙafa 22,000, sannan suka juya. Mantell ya ci gaba da hawa, alhali ba shi da iskar oksijin a jirginsa. Numfashi ya gagara, ya suma a kan kujera, jirgin ya rikito kusa da garin Franklin, ya rasu nan take.

Amsar da rundunar sojin sama ta fara bayarwa ita ce, wai Zara ya bi, tauraruwar nan da muke cewa matar wata. Wato ƙwararren matuƙi ya kashe kansa yana bin tauraruwa da rana tsaka. Ko masanin taurarin da ya fara kawo wannan bayani, J. Allen Hynek, daga baya ya janye shi, ya ce hasken Zara a wannan yini bai kai a gan ta haka ba. Sai a 1952 aka sake buɗe fayil ɗin, aka ga bayanin da ya fi kusa da gaskiya shi ne wani makeken balan-balan mai suna Skyhook da rundunar sojin ruwa ke gwaji da shi a asirce. Mantell bai san da shi ba, mutanen hasumiya ba su sani ba, don ba a ba su izinin sani ba.

Duk abin da zan faɗa a maƙalar nan yana cikin wannan labari. Matuƙin bai yi ƙarya ba, da gaske akwai abu a sama. Bai kuma san abin da yake gani ba. Hukumar da ta binciki mutuwarsa ta yi gaggawar rufe maganar da amsa mai arha, amsar gaskiya kuwa tana cikin aljihun 'yar uwarta. Ra'ayina shi ne soja ba zai iya zama alƙali a wannan shari'a ba, don yana da hannu a cikinta. Ba ina nufin yana ɓoye halittun wata duniya a ɗakin ajiya ba, ni ban ga hujjar da ta nuna haka ba. Abin da yake ɓoyewa ya fi wannan sauƙi: kayansa na sirri, da kuma iyakar ganinsa.

An fara binciken irin waɗannan abubuwa na sama ne bayan wani matuƙi farar hula, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu a jere kusa da Dutsen Rainier ranar 24 ga Yunin 1947. Jaridu suka raɗa musu suna faranti mai tashi, rahotanni suka ɓarke. Sojin sama suka kafa wani shiri mai suna Sign, aka sauya shi da Grudge, sannan a 1952 aka buɗe wanda ya fi daɗewa, Blue Book, a sansanin Wright-Patterson da ke jihar Ohio. Kafin a rufe shi a Disambar 1969, rahotanni 12,618 ne suka shiga kundinsa, 701 daga ciki aka bar su a matsayin waɗanda ba a gane ba. Masu imani da baƙi daga sama sun riƙe 701 ɗin nan gam, masu dariya kuma sun riƙe sauran. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne umarnin da aka ba masu binciken.

A Yulin 1952 na'urorin rada masu gano jirage suka nuna wasu abubuwa a samaniyar birnin Washinton cikin makonni biyu a jere, har aka tashi jiragen yaƙi. Hankalin jama'a ya tashi, layukan wayar soja suka cushe. A Janairun 1953 hukumar leƙen asiri ta CIA ta tara wasu masana kimiyya ƙarƙashin H. P. Robertson. Cikin 'yan kwanaki suka yanke cewa abubuwan ba barazana ba ne, barazanar ita ce yawan rahotannin, don Tarayyar Sobiyet na iya fakewa da ruɗanin ta kawo hari hanyoyin sadarwa suna toshe. Shawararsu ita ce a yi amfani da kafafen watsa labarai a rage wa maganar kwarjini a idon jama'a. Bayan haka aka kafa wa jami'an sansanoni doka cewa rahoton da aka warware kaɗai za su iya yi wa 'yan jarida bayani a kansa. To, ofishin da aka ce masa aikinka shi ne kwantar da hankali, me zai yi in ba neman amsa mafi kusa ba? A 1966 Hynek ya je jihar Michigan ya ce wasu fitilun da mutane suka gani wataƙila iskar gas ce da ke tashi daga fadama. Aka mai da shi abin dariya a faɗin ƙasar, har Gerald Ford, wanda a lokacin ɗan majalisa ne daga jihar, ya nemi majalisa ta zauna a kan batun.

Mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. A 1955 aka fara gwajin jirgin leƙen asiri na U-2, wanda ke tashi sama da ƙafa 60,000, a zamanin da jiragen fasinja ba su cika wuce ƙafa 20,000 ba. Ka ɗauka kai ne matuƙin jirgin fasinja da magariba. Rana ta faɗi a wurinka, kana cikin duhu, sai ka ɗaga kai ka ga wani abu yana walƙiya kamar wuta a can inda aka koya maka cewa babu jirgin da ke kaiwa. Hasken rana ne ke dukan fikafikan U-2, waɗanda a farko launin azurfa ne. Kai dai ka ga abin da ka gani, ka kai rahoto. Jami'in Blue Book ya buga waya inda ya dace, aka duba jadawalin tashin U-2, ya gane komai, sannan ya dawo ya ce maka ƙanƙarar sama ce ko sauyin yanayi. A 1997 wani masanin tarihi, Gerald Haines, ya rubuta a mujallar CIA cewa fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 jiragen leƙen asiri ne, kuma hakan ya sa sojin sama suka riƙa ba jama'a bayanan yaudara. Wasu masu bincike na ganin adadin ya yi yawa. Ko da ya yi yawa, amincewar da aka yi da yaudarar tana nan a rubuce. Ina iya fahimtar dalilin ɓoye jirgi a tsakiyar yaƙin cacar baka. Amma wanda ya biya kuɗin shi ne matuƙin da ya faɗi gaskiya aka nuna masa cewa idonsa ne ya samu matsala, da kuma hukumar da daga ranar ko ta faɗi gaskiya ba a yarda.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da matuƙi ya faɗa shi ke nan. Mu da muke fita duban jinjirin wata mun san wannan matsala sarai. Mutum mai gaskiya, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, yana iya rantsuwa ya ga wata, alhali gefen gajimare ya gani ko hasken jirgi. Shi ya sa masu tantancewa ba sa tsayawa ga halinsa kaɗai. Sukan tambaye shi ƙarfe nawa, ta wace kusurwa, kafin faɗuwar rana ko bayanta, ƙahonnin ina suka fuskanta, su wa ke tare da shi. Ba don an raina shi ba ne, sai don gaskiyar mutum daban, daidaiton idonsa daban.

Idon matuƙi ma ido ne. A sararin sama babu bishiya, babu gini, babu abin da za ka gwada girma da shi, don haka ƙaramin abu na kusa da babban abu na nesa duk ɗaya suke. Da dare, in ka ƙura wa ɗigon haske ido cikin duhu na ɗan lokaci, sai ka ga kamar yana motsi, kuma ana koyar da wannan a makarantun tuƙi don ya sha jefa matuƙa cikin haɗari. Sannan horon matuƙin yaƙi gaba ɗaya an gina shi ne a kan ɗaukar duk abin da bai gane ba a matsayin abokin gaba, ya yanke shawara cikin daƙiƙa. Wannan hali shi ke ceton ransa, amma ba shi ne halin mai awo ba. Hynek da kansa, bayan ya koma yana sukar Blue Book, ya bi fayilolin ya tarar matuƙa ba su fi sauran mutane tsira daga kuskuren gani ba.

Na'ura ma tana ruɗuwa. A daren 30 zuwa 31 ga Maris na 1990 sojin saman Beljiyam suka tashi jiragen F-16 guda biyu, bayan watanni ana ta rahoton wani abu mai kusurwa uku. Radar jiragen ta kama wasu abubuwa masu gudun da ya wuce hankali, amma matuƙan ba su ga komai da idonsu ba. Da aka zauna a kan bayanan daga baya, aka ga wasu lokutan jiragen biyu juna suke kamawa, wasu kuma yanayin iska ne ke wasa da na'urar. Shahararren hoton abin mai kusurwa uku kuwa, a 2011 wanda ya ɗauke shi ya fito ya ce da kansa ya haɗa shi da kwalin soso ya rataye. Abin yabo a nan shi ne sojin Beljiyam sun fito da bayanan radarsu fili, har suka bar masana farar hula suka duba. Da sun kulle su a durowa, da har yau ana ba da labarin a matsayin mu'ujiza.

Haka bidiyon nan na sojin ruwan Amurka na 2015 da ake kira GoFast, ɗaya daga cikin ukun da ma'aikatar tsaro ta Pentagon ta saki a hukumance a Afrilun 2020. Duk wanda ya kalle shi zai rantse wani ɗigo ne ke keta iska da mugun gudu dab da saman teku, ga muryoyin matuƙan suna ihun murna da na'urarsu ta kama shi. Amma a gefen allon akwai lambobi: tsayin da jirgin yake, kusurwar kyamara, nisan abin. Da kwamitin hukumar NASA ya yi lissafi da su a 2023, ya samu abin yana wajen ƙafa 13,000 ne a sama, yana tafiyar kimanin mil 40 a awa, daidai da gudun iska a wurin. Jirgin da ke ɗaukar hoton ne ke gudu, shi ya sa teku ke zuba a baya. Lissafi ne da ɗalibin babbar sakandare zai iya yi, amma sai da aka saki bidiyon aka samu mai yin sa a bainar jama'a.

Akwai kuma wanda bai warwaru ba, kuma bai kamata a yi masa rufa-rufa ba. Zuwa ranar 14 ga Nuwamban 2004, a tekun da ke kudu maso yammacin San Diego, jirgin ruwan yaƙi na Princeton ya yi kwanaki radarsa na nuna wasu abubuwa da ba a san su ba. Aka tura jirage biyu ƙirar F/A-18 daga jirgin ruwan Nimitz. Kwamanda David Fravor ke jagoranta, Laftana Alex Dietrich na tuƙa na biyun, kowane jirgi da mutum biyu a ciki. Rana tsaka, sama garau. Suka hangi ruwa yana kumfa a wuri guda, a samansa kuma ga wani farin abu mai santsi, dogo kamar ƙwayar magani, tsawonsa kimanin ƙafa 40, ba fiffike, ba farfela, ba hayaƙi, yana tsalle nan da can. Fravor ya karkata ya nufo shi, abin ya taso kamar yana kwaikwayonsa, sannan ya ɓace. Ba a jima ba Princeton ya ce ga shi can wajen mil 60. Wani matuƙin, Chad Underwood, ya tashi daga baya ya ɗauko bidiyon da duniya ta sani yanzu.

Mutum huɗu ƙwararru, da rana, ga rada, ga kyamara. In akwai rahoton da ya cancanci a zauna a kansa a daren, wannan ne. Me aka yi? Da suka sauka sai abokan aiki suka yi ta tsokanarsu. A gaban majalisar dokoki ranar 26 ga Yulin 2023, Fravor ya shaida cewa ba a binciki lamarin ba a lokacin, ba a yi wa ko ɗaya daga cikin mutanensa tambayoyi ba, shekaru suka wuce kafin wani ya tuntuɓe shi. Yau abin da ya rage shi ne ɗan gajeren bidiyo mai duhu da tunanin mutane bayan shekara ashirin. Ko jirgi maras matuƙi ne na gwaji, ko wata dabarar ruɗa rada, ko wani abin dabam, damar tantancewa ta wuce tun makon farko. Shekara hamsin na dariya ne suka haifar da wannan sakaci. Matuƙi yana tsoron a ce kansa ya taɓu a hana shi tashi, kuma tsoron na da tushe: Kyaftin Kenju Terauchi na kamfanin jiragen Japan, wanda ya ba da rahoton abin da ya gani a saman Alaska a Nuwamban 1986, an sauke shi daga tuƙi an ba shi aikin tebur bayan ya yi magana da 'yan jarida. Sai a 2019 sojin ruwan Amurka suka tsara wa matuƙansu hanyar kai rahoto a hukumance, bayan matuƙa irin su Ryan Graves sun yi ta kokawa cewa suna cin karo da abubuwa a filin atisayensu na gaɓar Virginia, har an kusa yin karo.

Da aka tashi gyara kuma, sai aka zarce ɗaya gefen. A Disambar 2017 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa Sanata Harry Reid ya samo dala miliyan 22 don wani shirin bincike na ɓoye, mafi yawan kuɗin kuma sun tafi kamfanin abokinsa, attajiri Robert Bigelow, mutumin da ya riga ya yi imani da zuwan baƙi tun kafin a fara binciken. A zaman majalisar nan na 2023 wani tsohon jami'in leƙen asiri, David Grusch, ya yi rantsuwa cewa gwamnati na riƙe da tarkacen jirage da gawawwakin da ba na mutane ba, amma ya ce ji ya yi daga waɗanda ya yi hira da su. Ofishin AARO da Pentagon ta kafa a 2022 don binciken irin waɗannan rahotanni ya fitar da rahoto a Maris na 2024 cewa bai samu wata hujja ba, labarin yana ta zagayawa ne tsakanin 'yan mutane kaɗan da ke ambaton juna. Na fi karkata ga rahoton AARO, don an ce da an ce ba ta kafa hujja. Sai dai wa zai yarda da shi? Ofishi ne a cikin ma'aikatar da ake tuhuma, jikan Blue Book.

Ana ta wannan ja-in-ja a kan baƙi daga wata duniya, sai baƙon gaske ya iso daga wannan duniyar. A ƙarshen Janairun 2023 wani balan-balan na ƙasar Sin, tsayinsa kimanin ƙafa 200, ya ratso Alaska da Kanada ya bi ta jihar Montana, inda Amurka ke da ramukan makamai masu linzami na nukiliya. Sin ta ce na binciken yanayi ne da iska ta kwashe. Ranar 4 ga Fabrairu jirgin F-22 ya harbo shi a gaɓar South Carolina. Janar Glen VanHerck, kwamandan tsaron samaniyar Arewacin Amurka a lokacin, ya amsa cewa irinsa sun shigo a shekarun baya ba a gano su ba. Dalili kuwa, an saita radar ne ta yi watsi da duk abin da ke tafiya a hankali, don ta mai da hankali ga jirage da makamai. Da aka sassauta saitin, cikin kwana uku, 10 zuwa 12 ga wata, aka harbo abubuwa uku a Alaska da Yukon da Tafkin Huron, da makaman da kowanne ya kai kimanin dala 400,000, ɗaya ma ya kuskure. Bayan 'yan kwanaki Shugaba Joe Biden ya ce ga dukkan alamu balan-balan ne na kamfanoni ko na masu bincike ko na masu nishaɗi. Daga ƙin gani kwata-kwata zuwa harbin duk abin da ya gifta, cikin mako guda. Rahoton hukumomin leƙen asiri na Yunin 2021 ya riga ya nuna alamar haka: cikin rahotanni 144, ɗaya tak aka iya ganewa, shi ma balan-balan ne da ya sace, sha ɗaya kuma matuƙa sun ce sun kusa karo. Mutane da yawa sun karanta 143 a matsayin abin al'ajabi. Rahoton kansa cewa ya yi yawanci bayanan ne ba su isa ba.

Wannan bambanci, tsakanin abin da aka bincika ya gagara da abin da ba a tattara komai a kansa ba, Faransa ta fi kowa riƙe shi. Tun 1977 ta ɗora aikin a kan hukumar binciken sararin samaniyarta ta farar hula, a wani ƙaramin ofishi a Toulouse da yanzu ake kira GEIPAN. Jandarma ne ke ɗaukar bayanin shaida, sojin sama su ba da abin da radarsu ta nuna, masana yanayi da na taurari su duba. Ana kasa rahotanni gida huɗu: wanda aka gane tabbas, wanda ake kyautata zato, wanda bayanansa ba su isa ba, da wanda ya gagara duk da cikakken bincike. Na ƙarshen nan bai wuce kimanin uku cikin ɗari ba. Tun 2007 fayilolin suna intanet, kowa na iya shiga ya ƙalubalance su, kuma ofishin kan koma tsohon fayil ya sauya hukunci in sabuwar hujja ta zo. Birtaniya kuwa a 2009 rufe teburinta ta yi, ta ce bai da amfani ga tsaro. Ban ce tsarin Faransa ba shi da aibu ba, sojanta ma yana da asirinsa. Amma can soja shaida ne mai kawo abin da ya gani, hukunci na hannun wani.

Za a ce na'urorin jiragen yaƙi sirri ne, in an saki hoto mai kyau abokan gaba za su san ƙarfin kyamarar. Gaskiya ne, sau da yawa abin da ake karewa ke nan, ba abin da ke cikin hoton ba. Amma ana iya tantance 'yan masana daga waje a ba su izinin gani, kamar yadda ake yi a wasu ayyukan tsaro, kuma sirrin yakan sassauta duk ranar da aka ga dama. Kafin a harbo balan-balan ɗin Sin, wani matuƙin U-2, jirgin nan dai da aka yi shekaru ana ce wa ƙanƙarar sama, ya ɗauki hoton kansa daga cikin jirgi, ga balan-balan a ƙasansa, ga allunan hasken rana a rataye, komai tar. Kafin watan Fabrairu ya ƙare Pentagon ta raba wa 'yan jarida hoton, don a lokacin tana son duniya ta gani. Hoton abin da aka harbo a Yukon kuwa sai a Satumbar 2024 ya fito, dishi-dishi, shi ma don wani gidan talabijin na Kanada ya bi ta dokar 'yancin samun bayanai ya ƙwato shi.